Gadar sama, gadar ƙasa: ina hanyar mai tafiya a ƙafa?

Ranar wata Alhamis, gab da magariba, na tsaya a bakin wata gadar ƙasa a nan Kano ina jiran ɗan sahu, wato mai adaidaita sahu. Kusa da ni akwai wata tsohuwa, ta riƙe jikanta da hannun dama, a hagu kuma leda ce da ƙullin magani. Sau uku tana sa ƙafa a kan kwalta tana janyewa. Motocin da ke fitowa daga ramin gadar ba ka ganinsu sai sun taso, kuma a guje suke tasowa, domin duk direban da ya gangara sai ya taka totur kafin ya hau. Yaron ya gaji, ya fara fizgar hannunsa. Na matsa na ce, "Iya, kawo ledar, mu tsallaka tare." Ta dube ni ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Da can da ake gosulo a nan, ta tsakanin motoci nake ratsawa in wuce abina. Yanzu da aka gyara, sai in yi ta tsayuwa ban samu hanya ba."

Da ƙyar muka haye. Na ɗaga hannu, wani direba ya rage gudu, na bayansa ya kauce ya wuce ta gabanmu har iskarsa ta kaɗa mayafinta. Tun daga ranar kalmar nan tata, "da aka gyara", ba ta bar kunnena ba. Gaskiya ta faɗa, an gyara wurin, motoci sun daina tsayawa. Ita kuma gyaran ya zo mata da wahalar da babu ita a da.

Duk wanda ya san Kano kafin 2011 ya san abin da ake nufi da gosulo a Ƙofar Nassarawa ko Kabuga ko Dangi. A zangonsa na biyu, daga 2011 zuwa 2015, Rabi'u Musa Kwankwaso ya gina gadar saman Ƙofar Nassarawa da gadojin ƙasa na Gadon Ƙaya da Kabuga. Abdullahi Umar Ganduje ya ɗora da ta Ƙofar Ruwa da ta mahaɗar titin Panshekara da Madobi, ya kammala doguwar gadar Sabon Gari, ya yi mai hawa uku a Dangi wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a 2021, sannan ta Hotoro da aka buɗe a farkon 2023. Gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ɗauko na Ɗan Agundi da Tal'udu. Maƙwabta ma haka suke, Kaduna ta sake gina gadar Kawo, Yamai ta buɗe ta Mali Bero tun 2013. A majalisa da teburin mai shayi ana ta musun wane gwamna ya fi wane yawan gada. Ni ba wannan musun ya kawo ni ba, domin abin da zan faɗa ya shafi gadar kowa.

In ba a manta ba, Dangi wuri ne da titin Zoo ya haɗu da titin Zariya, kuma duk mai shigowa gari daga Kaduna ko Zariya ko Unguwa Uku kusan sai ya biyo ta nan. A da, mota ɗaya ta mutu a shataletalen, layi ya miƙe har inda ido ba ya kaiwa. Motar asibiti mai jiniya ta maƙale a ciki, alhali Asibitin Malam Aminu Kano na nan gaba kaɗan a kan titin. Aikin da aka yi ya raba masu wucewa gida uku, wasu ta sama, wasu ta ƙasa, masu yin kwana kuma su zagaya a tsakiya. Wanda ya ce wannan bai kawo sauƙi ba, bai yi adalci ba.

Amma cunkoso da haɗari cuta biyu ce, kowace da maganinta. Cunkoso lokaci yake ci da man fetur, haɗari kuwa rai yake ci da gaɓoɓi. Mun saba haɗa su a jimla guda, a ce an yi gada "don rage cunkoso da haɗurra", kamar dai in ɗaya ya tafi ɗayan zai bi shi. Sau da yawa ba haka abin yake ba. A cikin gosulo ana gogar juna, madubi ya karye, a fito a yi cacar baki, kowa ya koma gida da ƙafarsa. Mutuwa tana zuwa ne inda hanya ta buɗe, mota ta samu sarari, ga kuma mutum a gabanta.

Don a gane yadda abin yake, sai an duba abin da ke faruwa a mahaɗa tun kafin a taɓa ta. Idan tituna biyu suka gitta juna, kowanne da masu zuwa da masu dawowa, kowace mota kuma tana iya miƙewa ko ta yi kwanar dama ko ta hagu, injiniyoyin hanya sun ƙirga wurare 32 da hanyar wata mota ke cin karo da ta wata. Takwas wajen rabuwa da layi ne, takwas wajen shiga layi, sauran 16 kuwa gittawa ce kai tsaye, wato inda gaban wata mota ke iya dukan cikin wata. Waɗannan 16 su ne masu kisa. Gaban mota yana da inji da ƙarfen da ke shanye bugu, gefenta kuwa ƙofa ce kawai tsakanin mutum da abin da ya taho. Adaidaita sahu ko ƙofar ma babu, labule ne. Mai babur kuwa ƙafarsa ce ƙofar. Tun da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a watan Afrilun 1972, kwanar hagu ce ta fi kowace haɗari, domin mai yinta sai ya yanke gaban masu tahowa, yana ƙiyasin gudunsu da ido. Wannan lissafin na wurare 32 na motoci ne kaɗai, ba a ma sa masu tsallakawa da ƙafa ba.

Gada tana share wani kaso na waɗannan wuraren, domin wanda ya hau sama ba zai gamu da wanda ya bi ƙasa ba. Wannan riba ce ta gaske, musamman a wuri irin Hotoro, inda titin Maiduguri ya haɗu da baifas ta gabas, tireloli da tankokin mai suna gittawa dare da rana. Sai dai gada tana zuwa da wani abu a hannunta, shi ne gudu, kuma a nan nake so mu daɗe.

Motar da ke gudun kilomita 30 a awa tana cin mita takwas da 'yan kai a sakan ɗaya. Mai gudun 60 tana cin kusan mita 17. A ƙaddara yaro ya faɗo titi, direba ya ɗauki sakan ɗaya kafin ƙafarsa ta kai kan birki, kuma wannan direba ne mai hankali a jikinsa, ba wanda ke duba waya ba. Mai gudun 30, a kan busasshiyar kwalta da taya mai kyau, zai tsaya a cikin mita 13 ko kusa da haka. Mai gudun 60 yana buƙatar kusan mita 37. Ma'ana, a daidai inda na farko ya tsaya cak, na biyu bai ma taɓa birki ba, da cikakken gudunsa zai ɗauki yaron. Shi kuma ƙarfin bugu ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, idan gudu ya ninka biyu, bugun ninki huɗu yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙafa da mota ta buge yana ninkuwa sau huɗu da rabi tsakanin gudun 50 da na 65. Dokar hanya ta Najeriya ta iyakance gudu a cikin gari a kan 50. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gindin gadar sama bayan isha ya san allurar masu saukowa ta wuce nan.

Yanzu a juya a dubi abin ta idon Iya. Titi mai layi shida, kowane layi mita uku da rabi, faɗinsa mita 21 ke nan. Tsohuwa da ƙaramin yaro ba za su wuce mita ɗaya a sakan ba, don haka sakan 21 suke buƙata. A cikin wannan lokacin mota mai gudun 60 ta ci mita 350. Ke nan, kafin ta sa ƙafa, sai ta tabbatar babu mota a cikin mita 350, hagu da dama, a wurin da ramin gada ya ɓoye mata abin da ke tahowa. Ba rashin wayewa ne ya tsayar da ita a bakin titi ba. Lissafinta daidai yake, hanyar ce ba ta bar mata gurbi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne gindin gada, inda gangara ta ƙare ta haɗu da titin ƙasa. Abubuwa uku ne ke taruwa a wannan ɗan wuri. Mai saukowa yana kan ganiyar gudunsa. Ɗan sahu a nan yake tsayawa ya sauke fasinja, domin mutane mahaɗar suka nufa, shi kuma ba zai iya tsayawa a kan gada ba. Mai tsallakawa ma a nan yake yankawa, domin a nan katangar siminti ta ƙare, nan ne wuri na farko da ƙafa za ta iya ratsawa. Haɗarin da aka kora daga tsakiyar mahaɗa sai ya tattara ya koma mita ɗari ko ɗari biyu gaba, wurin da a takardar zane ba a ma kira shi mahaɗa ba. An gudu ba a tsira ba.

Sai kuma batun wan-we. A da, ɗan sahun da ke son shiga layin da ke tsallake yankawa kawai yake yi. Bayan an yi gada an toshe tsakiyar titi, sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya samu inda zai juyo. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kowane zagaye kuɗi ne daga cikin abin da zai kai wa mai mashin da yamma. Sai ya bi hannun da ba nasa ba, yana manne da gefen titi, fuska da fuska da masu saukowa daga gada. Laifi ne, kuma ya cancanci tara. Amma mai zana hanya ya san garin da yake zana wa. Tun da aka hana acaɓa a farkon 2013, adaidaita sahu ce motar talakan Kano. Zanen da ya ɗauka cewa ƙananan motoci da tireloli ne kaɗai a kan titi, ya manta da wanda ya fi kowa yawa a kansa, shi ma yana da nasa kason a cikin abin da zai biyo baya.

Idan aka kawo kukan masu ƙafa, amsar da aka fi bayarwa ita ce gadar tsallakawa. Ana ginawa, sannan a yi ta faɗa cewa mutane ba sa hawa. Dole gadar ta haura mita biyar don tirela ta wuce ta ƙarƙashinta, wato matakala sama da 30 a hawa, wasu sama da 30 a sauka. Mai tsohon ciki ba za ta iya ba. Gurgu a kan kekensa ba zai iya ba, haka mai turin kurar ruwa, haka mai baro da buhunan masara. Da dare kuma, a garin da ƙwacen waya ya zama abin tsoro, wace mace ce za ta hau wani dogon lungu a sama, babu fitila, babu mafita sai gaba ko baya? Waɗanda suka fi rauni a kan titi su ne gadar ta bari a ƙasa, su kuma direbobi suna ganin gada a sama sai su ɗauka babu wanda ya isa ya gitta musu. A kan babbar hanya irin baifas, gadar ƙafa tana da muhalli, in an yi mata gangara da fitila. A tsakiyar gari, inda shago ke kallon shago, masallaci ke kallon makaranta, mutane a ƙasa za su tsallaka ko an so ko an ƙi, kuma a nan ya kamata a shirya musu.

Ina ganin mun yi saurin yanke wa shataletale hukunci. Ƙaramin shataletale mai layi ɗaya yana mayar da wuraren karon nan 32 zuwa takwas, kuma babu gittawa ko ɗaya a ciki, sai dai gogar gefe. Sirrinsa a mashiga yake, ana lanƙwasa ta yadda dole direba ya rage gudu kafin ya shiga, sannan ƙa'idar da Birtaniya ta kafa a 1966, cewa mai shigowa shi ke jiran wanda ke ciki. Hukumar manyan hanyoyi ta Amurka ta ce inda aka maye gurbin danja da irin wannan shataletale, haɗurran da ke jawo rauni ko mutuwa sun ragu da kashi 78 cikin ɗari. Ba zan ɗauko wannan adadi in ɗora wa Kano ba, don titinsu daban, tuƙinsu daban. Namu shataletalen manya ne, masu faɗi, babu zanen layi, mota biyar ta jeru a inda aka yi don biyu, mai babbar mota shi ke da hannu. Kuma kowane shataletale yana da iyakar abin da zai ɗauka, Dangi ta riga ta wuce wannan iyakar. Amma akwai mahaɗu da dama a cikin unguwanni da ba sa buƙatar gada, gyaran mashiga da fenti da dakali kawai suke jira.

Danja ita ma ba a gama cin moriyarta ba. Amfaninta shi ne raba lokaci, ta ba masu kwanar hagu nasu rabon su kaɗai, ta kuma ware wasu sakanni da duk motoci za su tsaya mutane su wuce. Wannan na biyun ne ba kasafai ake saitawa ba a wajenmu. Danjar da ta mutu kuwa ta fi babu haɗari, domin kowane ɓangare yana ɗauka hannunsa ne. Yanzu da sola ta wadata, rashin wuta ya daina zama hujja, abin da ake nema shi ne mai share faifan da canza batir. Jami'an KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar Kano da aka kafa a 2012, suna shan rana a mahaɗu da yawa suna ba da hannu. Da za a sa a cikin horonsu cewa masu ƙafa ma ɓangare ne da ake ba hannu, kamar yadda ake ba gabas da yamma, da an ga canji ba tare da an kashe ko kwabo ba.

To, me ake nufi da gyaran mahaɗa don kare rai? Yawancinsa a ƙasa yake, kuma ƙananan abubuwa ne. Wanda na fi ba muhimmanci shi ne tsibiri a tsakiyar titi, wato dakali mai faɗin da zai ɗauki uwa da goyonta da yaro a hannu, ko keken guragu, da ɗan shinge a gefe. Da shi, mita 21 ɗin Iya sun zama goma da goma. Ta duba gefe ɗaya kawai, ta haye, ta huta, sannan ta duba ɗayan. Waccan hukumar ta Amurka ta ce irin wannan tsibiri yana rage bugun masu ƙafa da fiye da rabi. Tsiririn simintin da ke raba hannu biyu a titunanmu, wanda mutum ke tsayawa a kai kamar mai tafiya a kan igiya, tireloli na wucewa gaba da baya, ba shi nake nufi ba.

Sai a ɗaga wurin tsallakawar ya zo daidai da dakalin gefen titi, ya zama faffaɗan tudu mai zane, wanda dole mota ta rage gudu ta hau. Fenti kaɗai ba ya tsayar da kowa, tudun shi ke magana da direba. A sa shi nesa kaɗan da gindin gada, inda mai saukowa zai hango shi, da alamu tun daga sama. A tsuke kwanoni, domin kwana mai faɗi gayyatar gudu ce. A haska wurin tsallakawa fiye da sauran titin, tunda tsakanin magariba da isha ne ido ya fi yaudarar direba, ga ƙurar hunturu, ga masu fita masallaci. A yanka wa 'yan sahu wurin saukewa da ɗauka, a ba su majuya kusa. Masu tebur da 'yan talla kuma, korarsu ba ta taɓa ɗorewa ba, domin inda jama'a ke tsayawa nan ciniki yake. A ja musu layi a bayan dakali, hanyar ƙafa ta zama ta ƙafa, don duk dakalin da kaya suka cinye, mutanensa kan kwalta suke komawa. Gadar ƙasa kuma rami ce, a watan Agusta ruwa nan zai nufa, in babu injin zuƙe ruwa mai aiki da magudanar da ake yashewa, ta zama kududdufi a cikin duhu.

Duk waɗannan in aka tara kuɗinsu ba za su kai ɗan ƙaramin kaso na kuɗin gada ba. Matsalarsu ita ce ba sa fitowa a hoto, ba a gayyato shugaban ƙasa ya yanke musu ƙyalle. Mu ma talakawa da hannunmu a ciki, gada muke tafa wa, ita muke ƙirgawa idan zaɓe ya zo. Ɗan siyasa abin da ake yabonsa a kai shi yake ƙarawa.

Na san abin da wani zai ce, domin na sha jinsa a wajen zaman makoki: kwana ne ya ƙare. Na yi imani da ƙaddara kamar kowane Musulmi. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure sannan ya yi tawakkali, shi ya kuma sanya kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani. Idan ɗauke ƙaya daga turba ibada ce, ina ga gyara wurin da aka san yana cin mutane duk shekara? A 1997 majalisar ƙasar Suwidin ta amince da wata manufa da ta ginu a kan abu guda: ɗan Adam zai yi kuskure komai horonsa, don haka a gina hanya yadda kuskuren ba zai zama ajali ba. Yaro zai fizge hannu ya ruga, direba zai yi gyangyaɗi, tsohuwa za ta yi kuskuren ƙiyasi. Wa'azi da tara suna rage kuskure, ba sa ƙarar da shi. Abin da ke hannun mai gina titi shi ne gudun da motar ke yi a lokacin da kuskuren ya auku. Yau Suwidin tana cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin mutuwa a kan hanya, yayin da Afirka, mai ƙarancin motoci, ta fi kowace nahiya yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. A duniya baki ɗaya, rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a shekara, fiye da rabinsu masu ƙafa ne da masu keke da babur, kuma haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29.

Wannan ya kawo ni ga ƙirge, wanda in babu shi duk maganar nan ra'ayi ce kawai. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, da aka kafa a 1988, tana bayar da adadin mace-macen hanya da ya haura mutum 5,000 a shekara a 'yan shekarun nan. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ga Najeriya ya haura 35,000. Duk ɗan Kano ya san inda ragowar suka shiga. Wanda aka buge da la'asar, kafin isha an kai shi makwancinsa, dangi sun ce sun yafe, babu takardar da aka rubuta. Wanda ya karye, sau da yawa gidan mai ɗori ake nufa da shi, ba Asibitin Murtala ko na ƙashi da ke Dala ba. Haɗarin cikin gari ba ya shiga labarai sai in tirela ce ta afka wa jama'a. Saboda haka mahaɗa tana iya cin mutum ɗaya-ɗaya har shekara ta zagayo, a takarda kuma tana nan lafiya lau.

Kafin a haƙa ko rami ɗaya, ya kamata a zauna a wurin mako guda ana ƙirgawa: mota nawa, sahu nawa, mutum nawa ke tsallakawa, ta ina, da ƙarfe nawa. A tambayi mai shayi da mai faci da limamin masallacin bakin titi, su ne suka san kusurwar da ake yawan kwasar mutane, domin su ke fara rugawa. A tattara abin da 'yan sanda da hukumar kiyaye haɗurra da asibitoci suka rubuta na shekara uku baya. Sannan a ba wasu injiniyoyi da ba su da hannu a kwangilar su duba zanen da idon mai neman inda zai yi kisa, a sake dubawa kafin buɗewa, a kuma dawo bayan shekara a kwatanta. Lokacin aikin kansa ma abin lura ne, domin watanni ake yi ana karkatar da manyan motoci cikin lungunan da yara ke wasa, ga ramuka a buɗe da dare.

Irin wannan gyara ba ya buƙatar a rushe komai. Ana iya yinsa a Dangi da Hotoro da Kabuga da suka daɗe da buɗewa, kamar yadda ake iya yinsa a Tal'udu da Ɗan Agundi. Ta Ɗan Agundi ce ma ta fi tsaya mini a rai. Ƙofar gari ce, mutanen cikin badala ta nan suke fitowa, da yawansu a ƙafa, ga Kwalejin Rumfa a nan kusa, ga titin BUK, wato Jami'ar Bayero, da ɗalibai ke bi safe da yamma. Roƙona ga duk injiniyan da zai sa hannu a kan irin wannan aiki shi ne ya ajiye motarsa, ya zo da ƙarfe biyu na rana lokacin tashin makaranta, ya sake dawowa da magariba. Ya ari keken guragu ya tura, ya tsallaka kowace kusurwa ta mahaɗar da kansa, zuwa da dawowa, ba tare da jami'i ya tsayar masa da motoci ba. Duk inda ya tsaya ya kasa sa ƙafa, ya ɗauki fenti ya yi alama a wurin, ya rubuta shi cikin aikin da ya rage.